Hannun Inna Mai Kwalba

Ranar da haƙoran robar Inna Mai Kwalba suka faɗa tulun magani, mutum goma sha huɗu ne a kan benci suna jiran Likita, kuma babu makaho ko ɗaya a cikinsu. Tana tsakiyar buga kwalba a kan matashin fata sai atishawa ta zo mata ba sallama. Haƙora suka yi tsalle, tsulum! Suka zauna a ƙasan tulun gilashi suna yi wa jama'a murmushi. Mai gyaran takalmi ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Likitan ƙanin mijinta ne. Ɗaki biyu gare shi a bayan shagon ɗinki, inda yake ba da maganin da ake kira homiyofati. Ga yadda ake haɗa shi: a sa ɗigo ɗaya na magani cikin ruwa, a buga kwalbar sau ɗari, a ɗebi ɗigo daga ciki a zuba a sabon ruwa, a sake bugawa, haka har kwalba talatin. Inna ce mai bugun. Shekara ashirin da biyu tana yi, har damtsenta na dama ya fi na hagu kauri, in za a yi mata riga sai tela ya auna kowane hannu daban.

Da a dariya aka tsaya, da maganar ta wuce, don tsakanin matar wa da ƙanin miji an saba da tsiya. Amma a kwanakin nan masu ciwon gwiwa sun dame shi da ƙorafin ba su ga sauƙi ba. Ya fito, ya dubi tulu, ya dubi benci, ya ga ta samu.

"Kun gani ko? Sai ku ce magani ba ya aiki. Ina zai yi aiki a hannun da bai iya ƙirga ɗari ba? Ko yayana, Allah ya jiƙansa, da ya samu hannu mai kyau, da yanzu yana cikinmu."

Dariya ta ɗauke ɗif. Kowa ya san hawan jini ne ya kashe mijin Inna shekara shida da suka wuce, bayan ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma ɗigon ƙaninsa. Kuma duk kwalbar da ya sha, ita ta buga.

Inna ta naɗe hannun riga, ta zura hannu a tulu, ta tsamo kayanta, ta mayar da su mazauninsu, ta fice. Ko tari ba ta yi ba.

Daga ranar unguwa ta sa mata sabon suna, Mai Sanyin Hannu. Ita kuwa ta ajiye aikin, ta ɗaura ɗamarar gaba. In ta yi shara, ƙofar Likita take kora ƙurar. In ya gaishe ta, sai ta tambayi iska ko wani ya yi magana. Amma duk wannan ƙaiƙayi ne. Abin da ke cin ta, tana wanke-wanke sai ta tsinci bakinta yana ƙirge. Anya kuwa ɗari take cikawa a kwalaben marigayi? Ko dai akwai ranar da hira ta ɗauke ta a casa'in?

Ana nan sai ga wata malama daga jami'a, siririya mai tabarau, ta zo binciken ko maganin yana aiki, kuma ko yana cutarwa. Likita ya amince da gudu, don ya riga ya zaɓi ƙusar da zai rataya takardar yabo. Tsarin shi ne, masu ciwon gwiwa tamanin za a raba biyu. Rabi su sha abin da Likita ya buga da hannunsa, rabi su sha ruwa zalla da ba a ko taɓa ba. Kwalabe lamba kawai za a sa musu, sirrin lambobin kuma a rufe a ambulan har wata uku. Sai dai dole kwalaben su zama iri ɗaya sak, har ɗaurin jan zaren wuya da ɗigon kakin da ke kan murfi. Mutum ɗaya ce ta iya wannan ɗaurin. Malama ta tako har ɗakin Inna.

Inna ta saurara, ta matso da kujera. "'Yar nan, in ɗan ɗiga maganin gudawa a nasa? Kaɗan dai, na kwana biyu."

"Inna, ko gishiri kika sa, kin buɗe masa ƙofar gudu. Kuma cikin bayin Allah ne zai sha wahala, ba nasa ba."

"To ni me zan samu?"

"Za ki ga abin da hannu mai kyau yake yi."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauko zarenta. Wannan ne abin da take so, kuma shi take tsoro.

Kwana huɗu Likita yana bugun kwalba, gumi har cikin takalmi. Inna tana gefe da zarenta tana ƙirga masa da ƙarfi. "Casa'in da bakwai ne, ƙanina. Saura uku. Kada ka kashe mutane." A rana ta uku aka ga matarsa tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Inna ta leƙa ta yi masa sannu, gaisuwarta ta farko a wata biyar.

Kafin wata uku su cika, mai gyaran takalmi ya jefar da sanda. Likita ya riƙa yawo da shi kamar ya haife shi. "Wannan nawa ya sha, ko ba a buɗe ambulan ba na san aikina."

Ran buɗewa benci bai ishi mutane ba, har taga aka cika. Malama ta yaga ambulan, ta jera lambobi. Cikin arba'in da suka sha na Likita, goma sha biyar sun ce sun ji sauƙi. Cikin arba'in da suka sha ruwa zalla, goma sha shida. Mai gyaran takalmi kuwa ruwa zalla ya yi ta ɗirka wata uku, safe da yamma.

"Babu bambanci ke nan," in ji Malama. "Ciwon gwiwa yakan lafa ya tashi, kuma in mutum ya sa rai yakan ji dama. Ruwan bai cuci kowa ba. Inda haɗarin yake shi ne mai ciwo irin hawan jini ya ajiye maganin asibiti saboda shi."

Inna ta miƙe. "'Yar nan, in an buga sau casa'in maimakon ɗari fa?"

"Ko sau dubu aka buga, Inna, ko ba a buga ba, duk ɗaya ne. Ba daga hannu ba ne."

Inna ta zauna a hankali, ta ɗora hannun damanta a cinya tana kallonsa kamar baƙon da ya daɗe a tafiya.

Likita dai ba a raba shi da dabara. Jama'a na shirin watsewa ya sha gabanta da murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ni na san inda aka samu matsala. Hannuna ne bai saba ba. Bugu ai sai matar yaya, hannunta ne mai albarka. Matar yaya, abin da ya wuce ya wuce, gobe ki dawo bakin aikinki."

Inna ta dube shi daga hula har takalmi.

"Jiya hannuna ya kashe yayanka, yau kuma shi zai raya kasuwarka? In dai ruwa kake so in buga maka, ƙanina, aiko mini da ƙazamar rigar nan. A wanki kaɗai na taɓa ganin an bugi ruwa wani abu ya fita."