Ranar da Mama Ta Ce wa Hukuma A'a

Mahaifiyata ba ta iya cewa a'a ba. Ko ruwan zafi ka miƙa mata ka ce na randa ne, "to" za ta ce, don a wurinta musu da na gaba rashin tarbiyya ne. Ni kaina da na matsa mata ta rufe shagon ɗinkinta na Sabon Gari ta dawo wurina Samaru ta huta, "to" ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Kwatsam sai ga kira daga ofishin haraji. Wani ya kai labari wai masana'anta gare ta, har da ma'aikata. Ma'aikatan nan kuwa 'yan matan cocinmu ne da take koya wa ɗinki kyauta. In aka ɗora mata harajin masana'anta, shagon ya mutu ke nan.

Na raka ta. Muna shiga ta zube ƙasa tana gaida jami'ar, macen da ba ta ko girme ni ba.

"Mama, an ce kina da ma'aikata?"

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Kina biyan su albashi?"

"To."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Jami'ar ta ajiye biro, ta zagayo ta ɗago ta, ta zaunar da ita kan kujera.

"Mama, nan ba gidan surukai ba ne. Abin da ba ki gane ba, ki ce in maimaita. Abin da ba haka yake ba, ki ce ba haka ba ne. In kin rikice mu dakata, ki dawo da wanda kika yarda da shi. Haƙƙinki ne, ba alfarma nake miki ba."

Tun da nake ban taɓa jin hukuma ta yi magana haka ba.

Jami'ar ta sake tambayar. Mama ta gyara ɗankwali, ta dube ni, sannan ƙasa-ƙasa ta ce, "A'a, 'yata. Koyo suke." Daga nan fa baki ya buɗe. Sai da jami'ar ta san wace yarinya ta iya saka aljihu, wace ce har yau take karya allura. Shago ya tsira.

Muna komowa cikin keke napep, daidai unguwar PZ, Mama ta taɓa gwiwata.

"Wannan haƙƙin, a ofis kaɗai yake aiki?"

Na ce ko'ina ma yana yi.

"To, maganar komawa Samaru," ta ce, tana kallon titi, "a'a."