Ranar da Ruwa Ya Tsallake Madatsa

Har yau idan na ji ƙarar ruwa yana zuba a tankin saman gida, sai gabana ya faɗi.

A Al-Sulay na tashi, wata unguwa a ƙasar Larabawa. Baba tankar ruwa yake ja, yakan ce ruwan da madatsar cikin duwatsu ke tarewa shi ke ratsa ƙasa ya cika rijiyoyin da yake ɗiba. Shekarar da Kaka ta zo daga gida ƙasar Hausa ta zauna da mu, ta matsa sai an kai ta ta gani, don ba ta yarda akwai tafki a ƙasar nan ba.

Wata Juma'a cikin sanyi muka je. Muka shimfiɗa tabarma a kwarin da ke ƙasan bangon madatsar. Samanmu garau, can bayan duwatsu ne kawai hadari ya yi baƙi. Baba da Umma suka hau tudu ɗauko shayi a mota, Kaka ta ta da sallar la'asar.

Sai na ji wani gurnani kamar na manyan motoci. Wani mai gadi a saman bango yana ɗaga hannu yana ihu, "Sel! Sel!" Na san abin da yake nufi, ruwan dutse ya taho. Amma Larabci ne a bakina, Hausata ba ta kai nan ba. Na ja mayafin Kaka ina kuka, "Kaka, moya! Moya!" Ruwa ke nan da Larabci, sai ta zaci ƙishirwa nake ji, ta ci gaba da karatunta.

Ruwan ya tsallako bango, ja wur, da itatuwa a cikinsa. Ban ga saukowar Baba ba, sai dai na gan shi ya saɓa mahaifiyarsa a kafaɗa, ya fizgi hannuna. Muna kaiwa tudu na waiga. Babu tabarma, babu takalman Kaka.

A mota Kaka ta riƙe fuskata. "Ambaliya ake cewa, 'yar nan. Faɗi in ji." Na faɗa, ta sa na sake.

Yanzu an kewaye wurin da ƙarfe, an zuba fitilu da masu sayar da gahawa, yara na ɗaukar hoto a bakin ruwa. Kaka ta rasu a gida. 'Yata kuwa ba ta taɓa jin Larabci daga bakina ba, sai Hausa.