Manomin da Ya Yi Wa Ruwa Dariya

Muna aji biyar na sakandare a Haɗeja aka ce ba kowa za a yi wa rajistar adabin Turanci a jarrabawar fita ba. Gwaji ɗaya za a yi, wadda ta ci ta shiga jeri, wadda ta faɗi a tura ta wani darasin. Ni kuwa duk makarantar nan ba abin da nake ƙauna kamar adabi. Lissafi dai ni da shi sai gaisuwa daga nesa.

Malamarmu 'yar kudu ce, doguwa, ba ta ɗaukar wargi, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Tana da wani littafin amsoshi da take karanto mana, mu rubuta, mu haddace, ranar gwaji mu juye mata abinta. Haka yayyenmu suka yi suka wuce lafiya.

Cikin gajerun labaran da muka karanta akwai na wani manomi da ya tsaya bakin gonarsa ta shinkafa, ruwan kogi yana shigowa yana rufe ta, shi kuwa yana ta dariya. Littafin amsoshi ya ce baƙin cikin asara ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Tun ranar da Malama ta karanto mana haka abin ya tsaya mini a wuya. Ni 'yar fadama ce, ƙauyenmu yana wajen Kirikasamma. A wurinmu da ruwan farkon damina ake shuka shinkafa, sannan a zuba wa kogi ido. Shekarar da bai tumbatso ba, shinkafa ƙonewa take yi a tsaye. Ranar da ya shigo kuwa, mahaifina har waƙa yake yi, mutumin da ko ranar salla da ƙyar ake ganin haƙorinsa.

Ranar gwaji tambayar nan ce ta fito. Na san amsar littafi sarai, amma wallahi hannuna ya ƙi. Na rubuta cewa mutumin nan lafiyarsa lau, murna yake yi.

Takardata ta dawo da jan layi tun daga sama har ƙasa. Ƙawayena suka yi ta tsiya, wai ga wadda ta fi littafi sani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da aka tashi tara na bi Malama har ɗakin malamai, na shiga yi mata bayanin gonarmu da guntun Turancina. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Ba gonar babanki na tambaye ki ba," in ji ta. "Labarin na tambaye ki. In kina da hujja a cikinsa, kawo mini gobe a aji. In babu, sunanki ba ya cikin jeri."

Da la'asar na zauna gindin darbejiya a bayan ɗakin kwananmu, na karanta labarin ya fi sau biyar. Na san ambaliya mai cin gida, ta taɓa kwashe mana rumbu, amma ita dare ɗaya take zuwa. Wannan ruwan kuwa, marubucin ya ce kwana da kwanaki ya yi yana rarrafowa. Na ja layi a nan. Can kusa da ƙarshe sai ga wata 'yar jimla da dukanmu muka tsallake, har da Malama: da mutumin ya koma gida, ya ɗauko laujensa ya zauna yana wasawa. Allahu akbar! Saura kaɗan in yi ihu.

Washegari na miƙe a aji. Na karanta wuraren biyu, sannan na ce, "Malama, wanda amfaninsa ya mutu, me zai yanka da lauje?"

Malama ta buɗe labarin ta karanta a ranta, ta koma kan littafin amsoshi, ta sake komowa. Ta daɗe, har na fara nadamar bakina.

Can ta ɗago. "Sunanki ya shiga," ta ce. Ta juya wajen sauran. "Ku fito da littattafanku, ku soke abin da na ba ku. Ke, zo nan gaba. Faɗa musu a hankali, su rubuta."

Na fita na tsaya gaban allo. Turancina bai miƙe ba, sau biyu tana gyara mini kalma. Amma duk ajin nan kai a sunkuye, biro na tafiya, maganata ake rubutawa. Da na saci kallon teburin Malama, ita ma rubutawa take yi a gefen littafin amsoshinta.