Earlene Ba Ta Shiga Sai Ta Ƙwanƙwasa

Uwar Earlene Tibbets sharar ɗakuna take yi a wani masauki na bakin titi a garin Odessa na jihar Texas, inda ma'aikatan rijiyoyin mai ke sauka. Gadon da ta bar wa 'yarta guda ne: ko kin san ba kowa a ɗaki, ƙwanƙwasa kafin ki sa mabuɗi. Earlene ta sha ranƙwashi a kan wannan har ya zauna mata a jini.

Da ta girma ta koyi ɗaukar hoton ciki, ta kama aiki a wani asibitin mata. Mafaɗaciya ce, likitoci ma shakkar bakinta suke, amma ba ta taɓa ɗora hannu a jikin mace ba sai ta tambaya ko ta yarda. Abokan aiki har tsokanarta suke, wai Earlene ko firji za ta buɗe sai ta nemi izininsa.

Ana nan sai 'yan majalisar Texas, waɗanda yawancinsu ba za su taɓa hawa gadon duba mata ƙafafu a sama ba, suka kafa doka: duk mai son zubar da ciki dole a yi mata hoto tukuna, likita ya zayyana mata abin da ya gani. Ƙaramin ciki kuwa ba ya fitowa sosai ta saman fata, sai an zura sandar na'ura ta ƙasa. Abin ya ƙona wa Earlene rai, domin ya mai da tambayarta ƙarya. Ina amfanin ƙwanƙwasawa in na ciki ba shi da ikon cewa a'a? Ta yanke shawarar ajiye aikin.

Kafin ta kai ga ajiyewa sai ga Yesenia Arredondo, mai suyar kaji a wani gidan abinci, ta zo a zubar mata da ciki. Ta gudo ne daga hannun miji mai duka, wanda bai taɓa neman yardarta a kan komai ba, cikin ma haka aka same shi. Earlene ta yi tambayarta yadda ta saba.

"A'a," in ji Yesenia, tana matse gwiwoyi. "Na gaji, Mama. Na rantse ba mai ƙara shiga jikina."

Gaba kura, baya sayaki. In Earlene ta bar ta ba hoto, yarinya za ta koma da cikin da zai ɗaure ta ga mutumin nan har abada. In ta matsa, ita da shi ba bambanci. Earlene ta daɗe tana kallon sandar, sannan ta juya ta, ta miƙa mata wajen mariƙin.

"Ungo, 'yata. Sun ce sanda ta shiga, ba su ce da hannun wa ba. Ke za ki sa, sa'ad da kika ga dama. Ko gwamna ne a bakin ƙofa, jira zai yi."

Likita ya leƙo yana ƙorafin layi ya yi tsawo, Earlene ta kore shi da harara. Yesenia ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta sa da kanta.

Earlene ba ta ajiye aikin ba, ba ta kuma daina zagin dokar ba, don ta san dabararta ba ta wanke zalunci ba. Amma tun daga ranar ba ta sake zura sandar nan da hannunta ba.

A ranar, da aka gama hoton Yesenia, Earlene ta fita don yarinyar ta sa kaya. Ta dawo, ta ƙwanƙwasa.

"Jira," in ji Yesenia daga ciki, da ƙarfi.

Earlene ta harɗe hannu, ta jingina da bango, ta jira.