Hantsin da Kili Ya Manta da Ɗingishinsa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, har sunayen jikokina su riƙa ɓace mini, akwai wani hantsi a fadamar rakenmu ta bayan Maska da ba zai fita daga raina ba.

Maigidana ya rasu ya bar mini 'ya'ya, da fadamar rake, da injin matsa, da doki kili mai juya injin. Wanda bai san aikin mazarƙwaila ba, ga yadda yake: a ɗaura doki a jikin dogon itace ya yi ta kewayawa, injin na tauna rake, ruwan na zuba, mu kuma muna dafawa har ya yi kauri. Dokin nan ya fi wasu mazan da na sani sanin aikinsa. Ana tsakiyar saran rake sai ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Duk wanda ya kalle shi sai ya ce kafaɗa ce, don in ya taka sai ya ɗaga kai, kafaɗar ta noƙe. Aka shafa man shanu, aka shafa saiwoyi, abin sai gaba yake yi.

Ƙanin maigidana, wanda ke taya ni kula da fadamar, ya ce a yi masa lalas, a gasa ƙarfe a zana masa a kafaɗa. In hakan bai yi ba, a miƙa shi ga masu lodin dawaki zuwa kudu. Kowa kuwa ya san ba don hawa ake kai su ba.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Funtua, ni da furfurata. Can malamarmu ta ce wasu likitocin dabbobi na zagaya ƙauyuka suna bincike a kan ɗingishin dawaki. Na hau acaɓa na nemo su. Ban iya roƙo ba, ce musu kawai na yi gobe ina jiran su.

Da suka iso, ƙarfen ya riga ya yi ja a murhun da muke dafa ruwan rake, ni kuma ina tsaye tsakaninsa da dokin.

"Matar Yaya, matsa mana," in ji ƙanin maigidana. "Tun da kika fara riƙe fensir kika raina ƙarfe."

Na ce, "Ƙaramin miji, in ka matso da shi kai zan fara zana wa. Mu ga ko zai gyara maka tafiyar nan taka ta agwagwa."

Likitar da ta jagorance su wata siririyar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gaishe mu, ta sa aka ja dokin ya je ya dawo, ta shafa kafaɗar, ta lanƙwasa gwiwar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta fito da wata 'yar allura.

Ta ce, "Mama, wannan ba magani ba ce. Zan kashe masa jin zafi ne daga saman kofato zuwa ƙasa. In ciwon a kafaɗa yake, zai ci gaba da ɗingishi. In a ƙasa yake, za ki gani da idonki."

Muka zauna jira. Tururin ruwan rake na tashi fari fat yana bin kan ganye, ƙanshin ya cika wurin, ƙudan zuma na shawagi a hankali kamar su ma barci suke ji. Da aka sake jan dokin, sai ya taka. Ya sake takawa. Kai bai ɗaga ba, kafaɗa ba ta noƙe ba. Ya shiga cikin tururin nan, fari cikin fari, har na daina bambance shi da shi, sai sautin kofato kawai nake ji yana sauka daidai, irin na shekarun baya. Wallahi sai na ga kamar maigidana ne ke biye da shi, hularsa a karkace, yana yi masa ɗan fiton da ya saba. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ni da ko ranar jana'iza ba a ga hawayena ba, sai ga ni ina goge ido da bakin mayafi, ina cewa hayaƙi ne.

Muryar ƙanin maigidana ce ta dawo da ni. "To ai ya warke. A ɗaura shi, rake na bushewa."

Likitar ta ce, "A'a, Malam, bai warke ba. Amsa ya ba mu kawai. Kafin azahar ɗingishin zai dawo."

Ta ɗaga ƙafar, ta kankare tafin kofaton da wata lanƙwasasshiyar wuƙa, sai ga wani ɗan baƙin ɗigo. Ta bi shi a hankali, mugunya ta ɓullo baƙa mai wari. Tsinin kututturen rake ne ya soke shi, ramin ya rufe, ciwon ya ruru a ciki. Ta wanke, ta ɗaure, ta yi masa allurar rigakafi, ta koya mini jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri. Ta nemi izinina ta ɗauki hoton kofaton saboda bincikensu. Na ce ta ɗauka, ta nuna wa duk mai gasa ƙarfe daga nan har Malumfashi.

Ɗingishin ya dawo kamar yadda ta faɗa, ya kuma tafi bayan 'yan makonni. Wani ɓangare na raken ya lalace a lokacin. Ƙanin maigidana da kansa yake riƙe ƙafar in ina wankewa, yana ƙorafin wai na mai da shi ungozomar doki. Kili ya koma kan injin, ya tsufa a gidanmu.

Abin da na koya ke nan: ciwo ba kullum yake zaune inda yake nuna kansa ba. Dabba ce ko yaro ko babban mutum, in ya kasa faɗin abin da ke damunsa, a nemi hanyar tambayarsa tukuna. Har yau in na ga an taru an yi ittifaƙi a kan wanda ba shi da bakin magana, nakan ce a dakata, shi ba a ji tasa ba.