Hular Gwaggo Lauya

Ofishin Gwaggo Lauya yana saman shagon mai facin taya, sai ka hau matakala mai kuka kafin ka isa. A ciki akwai tebur biyu, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musu, da gwangwanin biskit a kan kabad. Babu biskit a ciki. Nan take ajiye hularta ta kotu, farar nan mai jela a ƙeya, wadda ta tsufa har ta koma ruwan shayi.

Tun tana sabuwar lauya ba ta karɓar shari'ar manya. Ta ce manya suna da baki. Nata aikin na yara ne masu tasowa, waɗanda ake ɗora wa laifi don ba su iya musu ba. Abokiyar aikinta 'yar ƙaninta ce, ana ce mata Ƙaramar Lauya, mai takalmi ƙwas-ƙwas da hula fes kamar auduga. Abu ɗaya ke hana Ƙaramar Lauya sakewa: Gwaggo takan sa hularta gaba a baya ta shiga kotu. Ba kullum ba. Wasu ranaku dai.

Wata rana aka kawo musu wata marainiya da ake kira 'Yar Guga, domin in ta taso makaranta takan taya kawunta aiki a shagonsa na wanki da guga. Shagon ya ƙone ƙurmus da kayan mutane. Kawun ya ce ita ta bar dutsen guga a kunne, da gangan, don ya yi mata faɗa. In ba ta buɗe baki ta faɗi abin da ta gani ba, gidan gyaran hali za a kai ta, makaranta kuma ta ƙare ke nan.

To, yarinya ta ƙi magana. An lallashe ta, an ba ta lemo, Ƙaramar Lauya ta yi mata bayanin doka har muryarta ta dushe. Ita dai sai kallon yatsun ƙafarta.

"Gwaggo, mun shiga uku," in ji Ƙaramar Lauya. "Da me za mu kare ta? Da kallo?"

"Allah ya kai mu," Gwaggo ta ce, tana kakkaɓe hula.

Ranar shari'a aka tsayar da 'Yar Guga a akwatin shaida. Kawu yana zaune a gaba, ya zuba mata ido ko ƙiftawa babu. Gwaggo ta miƙe a hankali, gwiwa na ƙara. Jelar hula tana reto a kan karan hancinta.

"Gwaggo, hularki!" Ƙaramar Lauya ta raɗa mata.

"Ai na sa ta, 'yar nan."

Ta ce, "Ya mai shari'a," sai numfashinta ya ɗaga jelar sama, ta dawo ta sauka a leɓenta. Ta hure ta. Ta dawo. Alƙali ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙarƙashin teburinsa, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta bi jelar da idanu biyu har suka haɗu a tsakiya.

Nan 'Yar Guga ta fashe da dariya, irin wadda ke fita ta hanci.

Gwaggo ta ɗaure fuska. "Ke, ni kike yi wa dariya? Kin taɓa ganin babba ya fito bainar jama'a a birkice haka?"

"Na taɓa."

"Wa?"

"Kawu."

Daga nan magana ta ɓalle kamar famfon da aka daɗe da ɗauke wa ruwa. Ta ce ranar gobarar tana bayan shago tana ɗauraya. Kawu ya tuɓe wandonsa yana gogewa, sai aka yi ihun an ci ƙwallo a talabijin ɗin mai aski. Ya ajiye dutsen a kan wandon ya ruga, daga shi sai gajeren wando.

"Ya ce in na faɗa ba ni da gida," ta ce a hankali. "Kuma ina jin kunya in faɗi gajeren wandon babba."

Mai askin yana zaune can baya a kotun, kallo kawai ya zo. Bakinsa ya suɓuce: "Ƙwarai kuwa! Ja ne, mai ɗigo-ɗigo!"

Kawu ya zabura. "Ƙarya kake! Shuɗi ne!"

Kawu ya waiwaya hagu da dama, sannan ya zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

Aka sallami yarinya, aka danƙa ta hannun kakarta, da sharaɗin ta koma aji.

A kan matakala Ƙaramar Lauya ta ce, "Gwaggo, don Allah ki riƙa duba madubi."

"Tsufa ne, 'yar nan."

Mai faci dai ya ce da safen nan ya hangi Gwaggo ta taga, ta daɗe a gaban madubi tana gyara zaman jela. Amma shi mai faci mutum ne mai yawan gani.

Yanzu gwiwa ta hana Gwaggo yawan fita. An ce kwanan baya, a shari'ar wani yaro mai in'ina, an ga Ƙaramar Lauya ta shiga da hula gaba a baya. Ana zaton gaggawa ce.