Neman Ledar Rufe Tuwon Inna

Mun tashi da asuba daga Ƙaura Namoda ranar Alhamis, ni da abokina a tsohuwar fijonsa, ga langa cike da tuwon jiya a kan cinyata, ga robar miyar kuka a tsakanin ƙafafuna. Duk wanda ya gan mu zai ɗauka dubiya za mu asibiti. Alhali leda muka fita nema.

Bari in yi muku bayani kafin ku fara dariya. Mahaifiyata, Inna, na ɗauko daga ƙauye saboda ciwon ƙafa ya matsa mata, kuma ba kowa a gidan sai ita kaɗai. Da ƙyar da lallashi ta yarda ta zo. To tun da ta zo ta daina cin ɗumamen safe, ita da ba ta taɓa karya kumallo da wani abu ba sai shi. Mu a firji muke sa ragowar tuwo, firjin da na saya bayan an ba mu sabuwar jiha muka wayi gari manya a ofis. Maiɗakina takan ɗumama, ta kai mata ɗaki, ta ajiye cikin ladabi ta fito, an jima a dawo da kwano yadda aka kai shi. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Maiɗakina take ba saƙo, ko da ina tsaye a wurin. Saƙon wannan makon shi ne, "Gaya ma wancan, tuwon akwatinai warin kihi shika yi. Ran Asabar ni kam gida za ni."

Hankalina ya tashi matuƙa, don na san in ta koma ba mai ko miƙo mata buta. Sai maiɗakina ta ce a gidan yayarta a Kaduna ta ga wata leda siririya, fara tas, a nannaɗe, wadda in an shimfiɗa ta a bakin kwano sai ta manne da kanta, wari ba ya shiga ba ya fita. Na karaɗe kasuwar Ƙaura ban samu ba. Kowa ya ce in tafi Shinkafi, wai abin da babu a kasuwar Shinkafi ba a ƙera shi ba tukuna. Ni kuma ba na sayen kaya ba gwaji, shi ya sa na kwashe tuwon firjin kaf na fita da shi, malmala guda na bar wa Inna.

Hanya dai tana nan yadda kuka san ta, sai dai an kakkafa sababbin alluna a gefe, wannan an rubuta Subhanallahi, na gaba Alhamdulillahi, na gaba Allahu Akbar. Abokina ya ce wanda ya kafa su direba ne, don kowane allo daidai bakin rami yake, kana faɗawa ka tarar ga abin da za ka ce. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, kasakasansa na kiɗa duk ya tura su ƙarƙashin kujera, na wa'azi ne a rediyo, amma na lura yatsunsa ba su tuba ba, suna ta kaɗa sitiyari. Gero ya nuna hagu da dama, har an fara girbi a wasu gonakin. A Moriki muka tsaya shayi da burodi, motocin shanu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai ga motar mata zalla ta zo ta wuce, direbanta ya miƙe wuya yana kallon gaba kamar mai ciwon wuya.

Shinkafi ta cika ta batse. Ga raƙuma, ga Buzaye da rawunansu, ga Fulani da ƙoren nono, ga albasa tsibi-tsibi ta yi araha har mutum ya ji kunyar tayawa. Gero ma ya sauko saboda sabo ya shigo. Masu awo kuwa fuska ba walwala, don an raba musu mudu na hukuma, tsohon mudun nan mai lotsattsen gindi ya yi ritaya.

A layin masu leda muka fara da wani dattijo. Na kwatanta masa abin da nake nema, ya saurara tsaf, ya ce, "Alhaji, zamanin Shari'a muke, ba ni yi maka ƙarya. Tawa ba ta mannewa sai ka ɗaure ta da robar tayar keke." Na gode masa, ko da yake gaskiyar tasa ba ta ƙare ni da komai ba. Na gaba da shi ya zaro wata farar leda mai santsi, ya ce in sha Allahu tana kamawa. Na tsuguna, na sa malmala a kwanon da na taho da shi, na kwarara miya, na rufe da ledar na shafe bakin. Kafin in ɗago, mutane sun yi mana zobe, wasu sun ɗauka magani nake sayarwa. Na ɗaga kwanon sama zan kifa, abokina, da yake ba ya raina abin kallo, ya sunkuya ƙarƙashi wai ya ga ko za ta yi yoyo. Ba ta yi yoyo ba, gaba ɗaya ta saki. Tuwo ya sauka a kan hularsa, miyar kuka ta bi farar shaddarsa tana yauƙi har aljihu. Kasuwa ta kwashe da dariya, mai leda kuwa ko a jikinsa. "Ni dai in sha Allahu nac ce, Alhaji," in ji shi.

Cikin masu dariyar ne wani ya ce mu gwada Zurmi, akwai mai shagon da ke kawo kaya daga Maraɗi. Abokina ya ɗauraye abin da ya ɗauru a famfon masallaci, na saya masa balangu da fura don in rufe masa baki, muka yi azahar muka juyo. Daga Moriki muka yanka ta hanyar burji. Motar ta ɗauki warin daddawa, ƙudaje suka bi mu ba kuɗin mota. A wani rafi yashi ya riƙe taya, manoma suka ajiye girbi suka tura mu, na ba su rabin tuwon gwaji, suka cinye suna santi. Ba wanda ya ji warin kifi a cikinsu.

Bayan la'asar muka shiga Zurmi. Mai shagon ya saurari bayanina yana yamutsa fuska, can sai ya tafa hannu. "Ledar lalle kaka nuhi!" Ashe a Zurmi ba wanda ya san ta da kwano. Mata ne suka gano in an yi ƙunshi aka naɗe ƙafa da ita ba ta zamewa, lalle ya kama ja wur. Wata tsohuwa mai yi wa amare ƙunshi ta saye katan ɗin gaba ɗaya.

Haka muka tsaya a ƙofar gidanta, ƙarti biyu, ɗaya da taswirar miya a ƙirji, muna sallama muna neman ledar lalle. Ba mu rufe baki ba sai ga 'yan agaji biyu cikin kaki, suka tambaye mu cikin mutunci me ya kawo mu gidan da amare ke ciki. Na fara bayani tun daga ciwon ƙafar Inna. Ban ga alamar sun gamsu ba, sai na ce su tsaya su zama shaidu. Tsohuwar ta fito da naɗi guda, ta ce lokacin biki ne, don darajar uwa kawai za ta sayar. Na goge bakin kwano, na zuba sauran tuwo da miya, na ja ledar ta miƙe, na manna. Abokina ya koma can gindin bishiyar bedi. Na kifa kwanon, na girgiza, na sake girgizawa, ko ɗigo. 'Yan agaji suka yi kabbara. Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga tuwo an yi mai ƙumshi. Allah shi kyauta."

Ana kiran magariba muka shiga Ƙaura. Na shiga gida da naɗin leda a hammata kamar wanda ya ciwo yaƙi, na tarar da maiɗakina tana ta murmushi. Ta ce, "Malam, Inna fa ta ci ɗumame yau, har da suɗe kwano."

Na ce wane ɗumame? Ta ce wannan malmala guda da na bari, ta cikin firjin, mai warin kifin. Da ta kai, Inna ta tambaye ta ina nata, ta ce babu, na tafi da shi Shinkafi. Sai Inna ta matsa gefe a tabarma ta ce ta zauna. Maiɗakina ta so ta noƙe don kunyar suruka, Inna ta ce ba ta sa hannu sai ta sa. Suka raba malmalar, suna ci Inna tana ba ta labarin maƙwabtanta na ƙauye da ke taruwa a kan ƙwarya ɗaya kowace safiya. Sai a nan na gane. Mun kawo tsohuwa gari, mun ba ta ɗaki da katifa da fanka, muna ajiye mata abinci muna ja mata ƙofa don girmamawa, ita kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta cewa kewa ke damunta, sai ta ɗora wa kifi laifi.

Da safe na buɗe tuwon dare da na rufe da ledata na sa a firji, lafiya lau, ba wari ba bushewa. Maiɗakina ta ɗumama ta shiga wurin Inna da kwano ɗaya. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, na zauna da nawa kwanon, na fuskanci tsakar gida yadda ya kamaci ɗan fari. Ina jin su suna ci. Can Inna ta yi gyaran murya ta ce, "Ɗiyata, gaya ma wancan shi bar wahal da motar mutane. Ba inda za ni." Daɗi ya kama ni, na ƙara gutsuro loma.

Ga masu tambaya, ledar tana da kyau. Ku neme ta wurin masu lalle, ku goge bakin kwano ya bushe, ku ja ta sosai kafin ku manna, kuma kada ku bar aboki ya sunkuya ƙarƙashi. Amma in tsohonku ya ce abinci na wari, kafin ku ƙona mai zuwa Shinkafi ku fara leƙawa ku ga da wa yake ci.